Madarunfa: Ko darasi ta bidiyo zai cike giɓin malamai a bakin iyaka?

Shigowar intanet na tauraron ɗan Adam a Nijar ta sake tado da wani tsohon buri: malami guda ya tsaya a birni, ɗalibai a ƙauyuka su gan shi, su ji shi, su kuma yi masa tambaya. A gundumar Madarunfa, inda matsalar tsaro ta haɗu da ƙarancin ƙwararrun malamai, burin yana da ma'ana. Sai dai tarihin talabijin ɗin makaranta na shekarun 1960 da halin da azuzuwa ke ciki a yau sun nuna cewa sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Abubuwa biyu sun faru a watan Maris na 2025 waɗanda suka shafi makarantun karkara, ko da yake ba a cika haɗa su wuri guda ba. Na farko, kamfanin Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar, bayan yarjejeniyar da ya cimma da gwamnati a watan Oktoban 2024. Na biyu, sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na farkon ya sa yanzu ana iya kai intanet mai ƙarfi makarantar da rezon wayar salula bai kai ta ba. Na biyun ya ƙara yawan abin da ake jira daga malamai, alhali dama can ba su wadata ba.

Daga nan ne tambayar ta taso: shin makarantar da ta samu majigi ko allon talabijin, da lasifika da kwamfuta, za ta iya mayar da su hanyar da malamin lissafi ko na Ingilishi zai koyar da ɗalibanta kai tsaye daga Maraɗi ko Yamai?

Dalilin da ya sa maganar ta shafi Madarunfa

Garin Madarunfa bai fi tazarar kilomita 25 daga birnin Maraɗi ba. An fi saninsa da tafkinsa da kuma ƙaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomi shida: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma, kuma ƙidayar 2012 ta ba ta mutane kusan dubu 450. A kudancinta akwai iyaka da jihar Katsina ta Najeriya ta ɓangaren Jibiya, da kuma dajin Baban Rafi.

Wannan iyaka ita ce arzikin yankin, ita ce kuma damuwarsa. Shekaru ke nan ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa suna tsallakowa suna kai hari a ƙauyukan Madarunfa da na Gidan Runji. Tun 2019 kuma dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo jihar Maraɗi, tare da yaransu masu buƙatar aji. Lamarin bai kai na jihar Tilaberi ba, inda aka rufe makarantu kusan 900 a 2023, amma tasirinsa a bayyane yake. Malamin da aka tura ƙauyen bakin daji yakan nemi canjin wuri da zarar ya samu hali, kuma wanda ya fi ƙwarewa shi ne ya fi samun halin.

Ƙarancin ingancin koyarwa kuwa ya riga matsalar tsaro. Binciken PASEC na 2014 ya gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake so a karatu da lissafi ba. Na 2019 ya nuna an samu ci gaba, amma har lokacin mafi yawan yaran suna ƙasa da matakin. A 2017, lokacin da ministan ilimin firamare Daouda Mamadou Marthé ya sa aka yi wa malaman kwantiragi jarabawa, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka samu makin da ake buƙata. A kolejojin karkara, darussan lissafi, fiziks, kimiyya da Ingilishi su ne suka fi fama da rashin masu koyarwa, kuma su ne ke kayar da yara a jarabawar BEPC.

A irin wannan yanayi, malamin da ke zaune lafiya a Maraɗi yana koyar da azuzuwa da yawa lokaci guda ba abin raina ba ne.

Nijar ta taɓa bin wannan hanya

Matasa da yawa ba su san cewa Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka fara shigar da allo cikin aji ba. A 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, aka kafa talabijin ɗin makaranta da tallafin Faransa, wadda aka sani da Télé-Niger. A matakin gwaji an haɗa azuzuwa 22 a Yamai da kewaye, masu ɗauke da yara kusan 800. Kowace rana ana watsa gajerun shirye-shirye, kowanne bai kai rubu'in awa ba. A cikin aji kuma akwai mai kula da yara, wanda iliminsa bai wuce na firamare ba sai ɗan horo na ƴan watanni, shi ke ci gaba da aiki da yaran bayan an kashe akwatin. A 1968 aka gwada kunna akwatin talabijin da farantin hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai, abin da lokacin ya ja hankalin masana a duniya.

Masu bincike da suka ziyarci shirin sun yaba: yaran suna son zuwa makaranta, kuma suna magana da Faransanci ba tare da tsoro ba. Duk da haka shirin bai taɓa wuce wani ɗan ƙaramin kaso na makarantun ƙasar ba, kuma a 1979 aka rufe babinsa, kayan aikinsa da ma'aikatansa suka zama tushen gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Dalilan sanannu ne. Kuɗi da ƙwararru daga waje suke zuwa. An gina shirin a gefen ma'aikatar ilimi, don haka malamai da sufetoci da yawa suka ɗauke shi kishiya. Yaran da suka fito daga cikinsa kuma sai suka tarar da jarabawar da ba don su aka tsara ta ba. Côte d'Ivoire ta yi irin wannan gwaji a ma'auni mafi girma daga 1971, ita ma ta daina a farkon shekarun 1980.

Bambancin yau da wancan zamani shi ne talabijin magana take yi, ba ta saurare. Darasi ta bidiyo kai tsaye yana ba ɗalibi damar ɗaga hannu. To amma wannan damar ita ce kuma ta fi wuyar samarwa.

Majigi daban, hira daban

Kayan da ake kai wa makarantu da sunan zamanantar da aji, wato majigi, farin allo da lasifika, an ƙera su ne domin fitar da hoto da sauti zuwa ga masu kallo. Hira kuwa tana buƙatar hanya biyu, kuma a hanyar komawa ne matsala take.

Murya ce farko. Makirufon da ke jikin kwamfutar tafi-da-gidanka an yi shi ne domin mutum ɗaya da ke zaune gabanta. A ajin da ke da ɗalibai 60 ko 80, yarinyar da ke bencin baya ba za a ji ta a Maraɗi ba. Idan aka ƙara ƙarar lasifika domin kowa ya ji malamin nesa, makirufon zai kwashi muryar ya mayar masa da ita, ya riƙa jin kansa da kansa, wani lokaci ma na'urar ta ɗauki kuwwa. Bangon siminti da rufin kwano suna ƙara amsa-kuwwa, ruwan sama a kan kwano kuwa yakan rufe komai. Maganin ba mai tsada ba ne: makirufo na hannu marar waya da za a riƙa miƙa wa mai tambaya, da na'urar sauti mai kashe amsa-kuwwa, da kuma ƙa'idar cewa makirufo ɗaya da lasifika ɗaya kawai ke aiki a aji. Inda hoto ya lalace darasi yakan ci gaba. Inda murya ta lalace darasi ya ƙare.

Sai haske. Majigi yana son duhu, kyamara tana son haske. Idan aka rufe tagogi domin hoto ya fito a allo, malamin nesa ba zai ga fuskokin yara ba, zafi kuma ya ƙaru. Idan aka buɗe, hoton majigi ya dushe. Shi ya sa a aji mai hasken rana irin na Sahel babban allon talabijin ya fi majigi amfani, ga shi kuma bai kai shi cin wuta ba.

Sai wurin da kyamara take. Idan tana kallon ɗalibai, malamin nesa ba ya ganin baƙin allo, ba zai san abin da yaro ya rubuta ba lokacin da aka kira shi ya warware lissafi. Idan tana kallon allo, ba ya ganin wanda ya ɗaga hannu ko wanda barci ya kwashe. Ana iya haɗa wayar salula a matsayin kyamara ta biyu, amma dole a samu wanda zai riƙa juya ta. Wannan yana nufin babu darasin nesa ba tare da babban mutum a cikin aji ba.

Wuta, zafi, ƙura da rezo

Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Ko inda layin NIGELEC ya kai, jihar Maraɗi ta ga abin da dogaro da waje ke jawowa. Wutar Maraɗi da Damagaram tana shigowa ne ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba a maido da ita ba sai bayan ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Makarantar da ta ɗora darasinta kan wannan layi da ta yi asarar rabin shekarar karatu.

Lissafin hasken rana ya fi ba da ƙwarin gwiwa. Allon talabijin matsakaici, kwamfuta, na'urar sauti da farantin kama intanet, duka tare ba za su wuce wat 200 zuwa 250 ba, yayin da majigi mai fitila shi kaɗai yakan ci wat 200 zuwa 300. Awa huɗu na darasi a rana ke nan kusan kilowat-awa ɗaya, abin da faranti ɗaya babba ko biyu da batir mai kyau za su iya bayarwa a ranar Maraɗi. Abin da ke kashe irin wannan kaya shi ne rashin kulawa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, fiye da abin da aka ƙera yawancin majigi su jure. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tana kuma rufe fuskar faranti. Batir yana da wa'adi, kuma ranar da ya mutu sau da yawa ƙungiyar da ta kawo shi ta riga ta rufe ofishinta.

A ɓangaren intanet, hira ta bidiyo mai hoto mai kyau tana buƙatar megabit ɗaya zuwa biyu a kowace daƙiƙa, zuwa da komawa, ba tare da yankewa ba. Darasin awa ɗaya yakan cinye tsakanin rabin giga zuwa fiye da giga guda. A garuruwan da ke bakin titin Maraɗi zuwa Ɗan Isa rezon Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom na iya ɗaukar wannan nauyi a wasu sa'o'i. A ƙauyukan ciki, inda wasu lokuta wayar mutum ma rezon Najeriya take kamawa, tauraron ɗan Adam ne mafita. Starlink ya rage jinkirin da ke tsakanin tambaya da amsa, wanda a tsoffin taurari yakan haura rabin daƙiƙa. Amma yana zuwa da kuɗin wata-wata, kuma kwamitin iyaye da ke fafutukar sayen alli da gyaran benci ba zai iya ɗaukar wannan shi kaɗai ba.

Akwai tsare-tsaren da za a iya jingina da su. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin ƙauyuka masu fasahar zamani da hukumar ANSI ke jagoranta, da kuma dala miliyan 140 domin shirin LIRE na inganta koyo da koyarwa. Nijar na cikin ƙasashen shirin Giga na UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya, mai burin haɗa makarantu da intanet. Sai dai dangantakar Nijar da masu ba da tallafi ta sauya tun 2023, kuma a watan Maris na 2025 ƙasar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ke cikin masu ɗaukar nauyin shirin IFADEM na horar da malamai daga nesa. Duk shirin da za a fara yanzu sai a tambayi kansa tun ranar farko: wa zai biya a shekara ta uku?

Abin da wasu ƙasashe suka koya

Ghana ce misali mafi kusa. Daga 2014 gidauniyar Varkey ta gudanar da shirin MGCubed, inda malamai ke koyarwa daga ɗakunan watsa shiri a Accra zuwa makarantun karkara 72 ta tauraron ɗan Adam, da wutar sola. A kowane aji akwai malamin makarantar da aka horar domin tafiyar da darasin. Binciken da aka yi bayan shekaru biyu ya nuna yaran sun ƙaru a lissafi da tushen karatu.

A Brazil, jihar Amazonas ta buɗe cibiyar koyarwa daga nesa a birnin Manaus a 2007 domin kai darussan sakandare ƙauyukan da sai da jirgin ruwa ake isa gare su. A can ma kowane aji yana da malaminsa na gida. Uruguay kuwa ta fuskanci irin matsalar da Nijar ke shirin fuskanta, wato rashin malaman Ingilishi. Daga 2012 ta tsara darasi uku a mako: ɗaya malamin nesa ke bayarwa ta bidiyo, biyu malamin aji ke bayarwa bisa tsarin da suka shirya tare, shi ma yana koyon harshen a hanya.

Abu ɗaya ya haɗa ukun: babu inda allo ya kori malami. Inda aka ci nasara, malamai biyu ne a darasi guda, kowanne ya san aikinsa, kuma an ware musu lokacin shiri tare. Annobar korona ta nuna wa Nijar ɗaya gefen. Da aka rufe makarantu daga 20 ga Maris zuwa farkon Yunin 2020, yaran da ba su da wuta, ba su da waya, ba su kuma da wanda zai zauna da su, ba su amfana da komai daga karatun nesa ba.

Tambayoyin da na'ura ba ta amsawa

Ta farko ita ce matsayin malamin aji. Mafi yawan malaman Nijar ƴan kwantiragi ne, kuma ƙungiyoyinsu irin su SYNACEB sun sha shiga yajin aiki kan jinkirin biyan alawus da rashin ɗaukarsu aikin dindindin. Idan aka gabatar da darasin nesa a matsayin hanyar rage ɗaukar malamai, zai gamu da irin tarbar da Télé-Niger ta samu. Idan aka gabatar da shi a matsayin horo a bakin aiki, mai takardar shaida da ƙarin matsayi, malamin da ke Gabi zai ga ribarsa.

Ta biyu harshe. Télé-Niger da Faransanci zalla ta yi aiki. Amma tun 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma gogewar da aka tara tun lokacin ta nuna yara sun fi fahimta idan aka fara da harshen gida. A Madarunfa kusan kowane yaro yana jin Hausa, har da ƴaƴan Fulani da na ƴan gudun hijira. Wannan dalili ne mai ƙarfi na kafa ɗakin watsa darasi a Maraɗi maimakon Yamai. Birnin yana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da makarantar horar da malamai, da Lise Ɗan Baskore. Malamin da ya fito daga nan ya san yaran, ya san misalin da za su gane, kuma yana iya hawa babur ya ziyarce su sau ɗaya a wata.

Ta uku tsaro. Farantin sola, batir da kwamfuta kaya ne masu ɗaukar ido a yankin da ake satar shanu. Makarantar da ba ta da katanga, ba ta da ƙofa mai kulle ko mai gadi, ajiye irin wannan kaya a cikinta na iya jawo mata abin da take gudu. Haka kuma darasin nesa ba ya kare yaran da malamin da ke cikin ajin. Malamin birni kaɗai yake kārewa.

Ta huɗu amincewar iyaye. Kyamara a aji tana nufin hoton ƴaƴan mutane, musamman ƴanmata masu tasowa, yana fita daga gari. A yankin da riƙe yarinya a makaranta har ta gama kolej yake buƙatar lallashi, jita-jita guda ta isa ta kwashe rabin aji. Nijar tana da dokar kare bayanan sirri tun 2017 da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Amma kafin doka, sai an zauna da iyaye, limamai da masu gari an nuna musu abin da ake gani, wa ke gani, da kuma ko ana ajiye hoton.

Ina ya kamata a fara?

Akwai masu cewa maganar gaba ɗaya ta yi wuri, kuma hujjarsu ba ƙarama ba ce. A ranar 8 ga Nuwamban 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a makarantar AFN da ke Maraɗi, yara ƙanana aƙalla 25 suka rasu, watanni bakwai bayan irin wannan musiba a unguwar Pays-Bas ta Yamai. A lokacin hukumomi sun ce akwai azuzuwan zana kusan dubu 36 a faɗin ƙasar. Ba a rataya allo a jikin zana, ba a kuma jan wayar wuta a cikinta. A firamaren karkara, bango, rufi, benci da littafi su ne gaba.

Wannan hujja tana nuna inda bai kamata a fara ba, tana kuma nuna inda ya kamata. Kolejojin da ke manyan garuruwan ƙananan hukumomi shida suna da gini, ɗalibansu sun girma, kuma giɓin da ke cikinsu na darussa ne ƙalilan da aka sani. Ɗaki ɗaya a kowane kolej, darasi biyu ko uku a mako ga ƴan ajin jarabawa, tare da ajiye kowane darasi domin a sake kunna shi ranar da intanet ya yanke, abu ne da za a iya auna sakamakonsa cikin shekara biyu ta hanyar kwatanta makin BEPC. Ɗakin nan kuma zai iya zama wurin horar da malaman firamare na kewaye a ranakun hutu, ba tare da sun yi doguwar tafiya a hanyoyin da ba su da tabbas ba.

Ma'aikatar ilimi da Dakta Élisabeth Shérif ke jagoranta tun 2023 tana da wata dama da magabata ba su samu ba: kayan sun yi araha, intanet ya iso, kuma ƙwararrun da za su koyar suna nan cikin jiha. Abin da ya rage shi ne wanda ya kayar da Télé-Niger, wato sanya shirin cikin kasafin kuɗin ƙasa, cikin jadawalin darasi, da cikin tsarin ƙarin girma na malamai. Iyayen Madarunfa za su yi hukunci ne ranar da aka kafe sakamakon jarabawa, kuma abin da za su duba shi ne ko sunan ɗansu ko ƴarsu yana jiki.